Katifar da Na Zaɓa wa Buba

Ina tsugune a gindin darbejiya, na sa liba, ƙarfen cire taya, a bakin tayar wata adaidaita, sai Ja'e ya tsayar da babur a gabana bai kashe ba. Ja'e shi ne babban ɗan abokina Buba, Bafillacen da rugarsu take bayan kanal ta hanyar Bunkure. Ya yi sallama, na amsa.

Ya ce, "Baba Haladu, an bugo waya daga daji. Baffa ya rasu da safen nan. Ciwon haƙarƙari ne. A can za a rufe shi."

Buba yake nufi, Baffa 'ya'yansa suke ce masa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye libar, muka yi masa addu'a har da mai adaidaitar. Daga nan bakina ya tambayi abin da ba a tambaya a irin wannan lokaci.

"Katifar fa? Ta riƙe?"

Ja'e ya sunkuyar da kai, ya ce bai sani ba. Ya ja babur ya tafi sanar da sauran jama'a. Ni kuma na ƙarasa tayar, domin mutumin ya ɗauko kwandunan tumatir, rana kuma ta fara zafi.

Katifar da nake magana ta iska ce, irin wadda ake hurawa a kwanta, a sace ta a naɗe. Ni na zaɓa masa ita, ni na yi mata faci. Idan ta riƙe iska, Buba ya yi kwanakinsa na ƙarshe a kan abu mai ɗumi. Idan ba ta riƙe ba, tsoho mai ciwon kwankwaso ya kwana a ƙasa cikin sanyi. Ku samarin da kuka cika bakin titi da kwampireso daga Kura har Bunkure, ku nake yi wa wannan bayani, don wani daga cikinku yana da hannu a cikin labarin.

Kuna cewa faci ba sana'a ba ce, jira ne kafin a samu abin yi. Gaskiyarku, yadda kuke yin sa. An kawo muku taya marar tib, ku zare ƙusa, ku cusa igiya, ku ja janareto, ku ƙwanƙwasa tayar da yatsa kamar masu sayen kankana. Shi ke nan kun zama injiniyoyi. Wani ma yana aikin da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya.

Aikin farko da maigidana Malam Iro ya ba ni, tib ɗin keke ne da wani mai tallan kananzir ya dawo da shi yana faɗa. An yi masa faci jiya, yau ya sace. Malam Iro ya nuna mini rabin duro na ruwa ya ce in zauna. Na tsoma tib ɗin na zagaya da shi, ban ga kumfa ba. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ci gaba da cin goronsa. Na sake zagayawa. Sai da ƙafata ta yi sanyi sannan ya taso, ya kama tib ɗin ya ɗan ja shi a cikin ruwan, ya miƙar da robar. Sai ga kumfa ƙanana kamar ƙwayar gero suna tasowa a jere. Hujin ƙaya ne, ba ya buɗewa sai roba ta ji nauyi. Daga nan ya kama hannuna ya zura a cikin tayar, ya bi da yatsuna a hankali har ƙayar ta soke ni. Ya ce, "To, ka gaisa da ita. Wanda ya toshe huji ya bar ƙaya a ciki, gobe ma shi za a zaga."

A lokacin, da famfon hannu muke buga iska. Tayar akori-kura sai mutum ya jiƙe da gumi. Amma famfo yana koya maka abin da inji ba ya koyarwa. A kafaɗarka kake jin taya tana cewa ta ƙoshi. Kwampireso ba shi da kafaɗa. Abin da aka sa masa a baki shi zai yi ta ɗura wa har ya fashe, in mai riƙe da shi bai fi shi hankali ba.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, ita ta mayar da ni mai facin komai. Gonaki suka ƙone kamar an bi su da wuta. Manyan motocin kudu suka daina zuwa, 'yan kwando suka watse, titi ya yi shiru. Motar da ba ta tafiya ba ta taka ƙusa. Sai na koma facin tiyon ban-ruwa, da takalman roba na masu dashen shinkafa, da jarka, har da ƙwallon yara. A cikin wannan hali wani direban injin girbi ya jefar da wata katifar iska a bayan rumfata. Irinsu ne suka fara kawo ta nan, domin suna bin girbi har cikin dazukan da ba masauki. Na ɗauke ta na farke, na zauna ina nazarinta, tunda ba abin da ya fi lokaci yawa a hannuna. A kanta na gane sholisho, gam ɗin facin tib, ba ya kama ta, domin ba robar tib ba ce, yadi ne da aka shafe cikinsa da wani abu kamar leda. Facin wuta kuwa narkar da ita yake yi nan take. Gam ɗin masu gyaran takalmi ne ya fi kama ta, shi ma sai an wanke wurin, ya bushe, an shafa siriri, an jira ya sha iska. Na kuma ga cikinta ba fanko ba ne kamar tib. Akwai haɗe-haɗe da suka riƙe sama da ƙasa, su ne suke sa ta kwanta a shimfiɗe. In suka tsinke, ba mai facin da zai iya shiga ciki ya mayar da su.

Buba kuwa tun yana kawo mini keke muka saba, kafin 'ya'yansa su sayi babur. Kakana Babarbare ne, saboda haka tsakanina da shi ba gaisuwa sai tsiya. In ya iso sai ya dogara sanda ya ce, "Bawana, tashi ka gaida ubangijinka." Ni kuma in ce, "Wa ya kwance wannan daga turke?" Sai ya zauna a kan tsohuwar taya, ya miƙo mini goran nono.

Kowace shekara in an gama kaka, aka fara sakin ruwa a kanal, shanunsu sai sun bar nan. Ko'ina ya zama tumatir da albasa da alkama, ba inda saniya za ta sa baki ba a kai ƙara ba. Sai su nausa kudu, su yi watanni a daji. Buba a ƙafa yake bin garke tun yana yaro, kuma inda shanu suka tsaya nan ne makwancinsa. Abin da bai shiga jakar da yake ratayawa ba, ba ya ɗauka. Da girma ya zo, kwankwaso ya fara kama shi. In ya kwana a tabarma, da safe sai ya dafa sanda da hannu biyu kafin ya miƙe. 'Ya'yansa suka ce ya zauna a gida, ƙaninsu Manu ya isa ya kai shanu.

Ya zo ya same ni ya ce, "Wai in zauna in riƙa jiran a kawo mini fura kamar mai jego. Ka ji yaran nan?"

Na ce, "Ai sun yi maka gata. Tsohon bawa hutu ya kamace shi."

Ya ce, "Haladu, ranar da shanun nan suka tafi suka bar ni, ka zo da likkafani." Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ja'e yaron kirki ne. Da ya ga uban ba zai zauna ba, sai ya ga hoton katifa a waya, ya aika aka kawo daga birni. Ga yadda kuke sayen kaya ke nan, kallon kitse ake yi wa rogo. Aka kawo wata ƙatuwa mai gashi-gashi a sama, tsayinta in an hura ya kusa gwiwa, nauyinta kamar buhun taki da aka ɗiba kaɗan. Irin ta baƙi ce, ta tsakar ɗaki. Buba ya zagaya ta ya ce, "Wannan sai a yi mata jakinta daban, da wanda zai riƙa yi mata fifita." Kuma wa zai hura ta da baki a daji? Kafin ta cika an yi jana'izar mai hurawa.

Ni na shiga birni wurin 'yan gwanjo, inda ake fasa dilar jakunkuna da tantuna. Ga yadda ake zaɓe, in akwai mai son ji. Da farko ka naɗe ta ka ɗora a tafin hannu. In ta fi goran nono girma ko nauyi, ba ta mai tafiyar ƙafa ba ce. Amma rashin nauyi kaɗai ba ya isa, nan mutane suke faɗawa rami. Akwai marar nauyi da cikinta iska ce zalla. Wannan taushi kawai za ta ba ka. Iskar cikinta tana ɗaukar sanyin ƙasa ta miƙa wa bayanka, ka tashi kamar ka kwana a kan randa. Ka ɗaga ta ka duba ta a hasken rana. Mai kyau za ka ga inuwar wani abu a ciki, ko soso siriri, ko wani shafi mai ƙara in an murza shi. Shi ne yake tare sanyi. A hasken nan kuma za ka ga ko akwai baƙaƙen ɗigo, wato fumfuna daga numfashin wanda ya riga ka. In ta yi yawa, cikin ya fara ruɓewa, ka ajiye. Ka shafa bayanta: yadi mai ɗan kauri kake nema, ba mai santsi kamar ledar burodi ba, domin dajinmu ba wurin da babu karangiya. Sannan bawul, wato bakin da ake hurawa. Ka hura, ka rufe, ka sa masa yawu, ka zuba ido. Ka murɗa gindinsa hagu da dama. Yawancin katifun nan ta wuya suke mutuwa.

Mai dilar ya gaji da ni. Ya ce, "Baba, katifa za ka saya ko aurenta za ka yi?" Na ce masa wanda zai kwanta a kai ya fi amarya tsada.

Na samo wata koriya, lafiyayya, ba huji ko ɗaya. Na koya wa Buba yadda ake bi da ita. A share wuri, a shimfiɗa buhu a ƙasa tukuna. Kada a kai ta kusa da wutar shanu, tartsatsi ɗaya ya isa. Kada a bar ta a hure a rana. Kuma kada a cika ta tam. In ka zauna a kai ɗuwawunka ya kusa taɓa ƙasa, in ka kwanta kuma ta ɗauke ka, to ta yi daidai. Ya ce, "Sharuɗɗan nan sun fi na surukata yawa." Amma ya kiyaye. Ya tafi da ita ya dawo da damina yana tafiya a miƙe, yana ce mini bawa ya yi abin kai. Ya sake tafiya ya sake dawowa, ko faci ba ta nema ba.

Bara, ana gab da tashi, Ja'e ya kawo ta in duba kamar yadda na ce a riƙa yi kafin kowace tafiya. A ranar na tafi ɗaurin aure, rumfata a rufe. Sai ya tsallaka titi wurin ɗayanku. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, ubansa kuma mutumin kirki ne. Yaron nan ya ɗauki katifar da ake hurawa da baki ya haɗa ta da kwampireso. Ya yi ta ɗura mata yana ƙwanƙwasawa da yatsa, har ta yi tauri kamar ganga. Sannan ya jingina ta a jikin kwantena, da tsakar rana, ya ce a ba ta lokaci a gani ko za ta sace. Ja'e ya ce suna zaune suka ji fat, fat, fat, kamar ana gasa masara. Haɗin ciki ne yake tsinkewa.

Da na dawo na tarar da ita, ta yi wani ƙaton tulu a tsakiya kamar akuya mai ciki. Na ɗauke ta na tsallaka.

Na ce, "Kai, wa ya koya maka aiki?"

Ya ce, "Baba, ai ba ta fashe ba. Duba, ko kaɗan ba ta sacewa."

"Kwanta a kai."

Ya yi dariya, abokansa suka taya shi. Ya ce, "Haba Baba, iska ce fa kawai. A rage mata mana."

Iska ce kawai. Mutum yana cin abinci da iska, bai san ta ba. Na ɗauki katifar na juyo. Da Malam Iro ne, da tiyon kwampireson zai tsula masa.

A makon nan aka saki ruwa. Maƙwabtan rugar sun fara dashe, har an yi 'yar hayaniya a kan wata karsana da ta shiga fangalin albasa. Dattawa suka ce shanu su tashi kafin ranar kasuwar Bunkure. Na koma birni da sassafe. Dilar an riga an tsince ta, sai saura. Akwai lafiyayyu, amma ko dai masu nauyi ne, ko kuma masu iska zalla. Guda ɗaya ce marar nauyi mai shafi a ciki, ruwan toka, yadinta mai kyau, ba fumfuna. Da na sa yawu na murɗa bawul, sai ga kumfa a gindinsa. Tsagewa ce ƙarama, ba ta kai farcen yaro ba, amma a wuri mafi muni.

Na daɗe a tsugune a gaban dilar. In na ɗauki mai nauyi, Buba zai bar ta a ruga. In na ɗauki mai iska zalla, na san sanyi zai ratsa shi tun daren farko. Na ɗauki mai tsagewar, domin ita kaɗai ce aikin hannu zai iya ceta.

Ban taɓa yin faci da natsuwa irin wannan ba. Na wanke wurin da sabulu, na bar shi ya bushe sarai. Na yanko ƙyalle daga jikin koriyar da aka kashe, na zagaye shi, na huda tsakiyarsa yadda zai shiga wuyan bawul kamar zobe. Na shafa gam a fuska biyu, na jira har ya daina kama yatsa, na haɗa, na bi gefen da bayan cokali. Na ɗora mata dutsen guga ta kwana. Washegari na hura ta da bakina, na kai ta kanal domin ta fi ƙarfin rabin duro. Na shiga ruwa har cinya, na danne ta da gwiwa, na lanƙwasa wuyan ta kowane gefe. Ba kumfa.

Amma ruwa ba ya faɗin komai da komai. Facin gindin bawul, naɗewa da warwarewa ne suke gwada shi, da sanyin asuba da yake sa gam ya yi tauri. Na so in kwana a kanta da kaina na kwanaki, ina naɗewa ina hurawa. Na gaya wa Buba haka da ya zo karɓa.

Na ce, "Ka bar Manu ya yi gaba da shanu. Bayan mako Ja'e ya kai ka a babur, kai da ita."

Ya ce, "A babur? Kamar buhun gishiri?"

"Buba, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ba ka ce ka tsoma ta a ruwa ba?"

"Na tsoma."

"To, me ya rage? Ko Barebari sun fara shakkar aikinsu?" Ya karɓe ta ya jinjina a hannu, ya ce ta ma fi waccan sauƙi. Ya tura ta a jaka.

Na ce, "In ka ga tana sacewa, ka sa Manu ya bugo waya. Ko ina kuke zan aiko da wata."

Ya rataya jakar, ya saɓa sanda a kafaɗa. Ya ce, "Ka taɓa jin Bafillace ya ce wayyo?"

Ban taɓa ji ba. Abin da na sani ke nan tun a lokacin. Wayar da aka bugo kuwa ita ce wadda Ja'e ya kawo mini labarinta, ana tsakiyar sanyi.

Da ruwan sama ya sauka shanu suka dawo. Bayan kwana biyu Ja'e ya zo rumfata da yamma, ya ciro katifar daga buhu, a naɗe, an ɗaure ta da igiyar maraƙi. Ɗaurin Buba ne, na san shi. Na tambaye shi abin da Manu ya ce.

Ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce shi a gefen maruƙa yake kwana. Ka san mu, Baba, ɗa ba ya zuwa kan shimfiɗar uba. Kafin gari ya waye Baffa ya naɗe kayansa da kansa. Da ciwon ya kwantar da shi kuma, wasu dattawa ne suka ɗauke shi zuwa bukkarsu."

"Bai taɓa cewa komai a kanta ba?"

"Ko tarin ma sai da ya kasa tashi aka san ya yi nisa."

Wata mota ta wuce da buhunan shinkafa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ban tsallaka titin nan ba, da koriyar ya tafi da ita."

Na ce masa kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko rage masa. Ya ce haka ne. Ya tura mini katifar gabana.

"Kai kaɗai za ka iya ganewa. In ka duba, ka gaya mini, ko mene ne."

Na ce to.

Aikin ba shi da wuya. Ko ku za ku iya, in kun ajiye waya. A kwance igiya, a hura, a sa yawu a wuyan bawul. Kanal yana nan bayan rumfata cike da ruwa. Ja'e yana wucewa duk ranar kasuwa, ya tsaya mu gaisa, ba ya tambaya, ni ma ba na tayar da maganar. Katifar tana rataye a jikin darbejiya cikin buhunta. Har yau ban kwance igiyar ba.